Yanar Idon Inna

Likitan ido bai ɗauki fiye da minti biyar ba wajen yi wa Inna da ɗanta bayani, kuma babu abin da ya faɗa wanda ya fi ƙarfin fahimtar duk wanda ya taɓa goge gilashin fitila. A cikin idon mutum, in ji shi, akwai wata 'yar ƙwaya garau wadda haske ke ratsawa. Idan shekaru suka taru, ko ciwon sukari ya daɗe a jiki, sai ta soma dushewa har ta koma kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ita ake kira yana. Ba ta jin maganin ɗigawa, ba ta jin kwalli, in ta yi nisa ko tabarau ba ta ji. Maganinta ɗaya ne, a cire wadda ta dushe a sa ta roba a gurbinta. Aikin minti ashirin ne, mutum yana farke za a yi a gama.

"Sharuɗɗana kaɗan ne," in ji likitan. "Ranar aiki wani ya rako ta. Bayan aiki a riƙa ɗiga mata magani sau huɗu a rana. Sannan mako huɗu cur kada ta sunkuya, kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta tsaya kan girki, kuma kada hannun ƙaramin yaro ya kai ga idon. Ta hagu da sauranta. Ta dama kuwa ta nuna, kuma ba na so ta wuce nuna. Yana in ta daɗe takan kumbura ta toshe hanyar ruwan ido, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani. Abin da yana ta rufe muna iya buɗewa. Abin da jijiya ta tafi da shi ba ya dawowa."

Ɗan Inna shugaban makarantar firamare ne. Kowa Hedimasta yake ce masa, har ita da ta haife shi, tunda ɗan fari ne kuma bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu ya rubuta sharuɗɗan bi da bi, ya sa musu lamba, ya ja layi biyu a ƙarƙashin "mako huɗu". Ya yi tambayoyi masu ma'ana, har likitan ya ce da duk 'ya'ya haka suke da aikinsa ya yi sauƙi. A tagar masu kati aka ba su ranar aiki, aka rubuta a kan kati ruwan ɗorawa, aka buga hatimi. Inna ta naɗe katin a leda ta sa a gwangwanin da take ajiye allura da zare.

A mota ta ce, "Ashe abin ba wuya."

"Ba wuya," in ji Hedimasta. Sai da suka wuce shataletale biyu sannan ya ƙara da cewa, kamar mai magana da sitiyari, "Mako huɗu."

A gidan akwai tagwaye maza, 'yan wata goma sha huɗu. Tun suna jarirai Inna ta laƙaba wa ɗaya Sarkin Kuka, ɗayan kuma Alƙali, saboda yadda yake zuba wa mutum ido bai ce uffan ba. Uwarsu, wadda ake kira Maman Biyu, ma'aikaciya ce a ofishin ruwa, tana fita ƙarfe bakwai da rabi ta dawo biyar. Hedimasta kan riga ta fita, domin shi ke tsayawa a bakin ƙofar makaranta yana tare 'yan makara. Tsakanin bakwai da rabi da biyar ɗin nan, duk abin da ake yi wa yara biyu sunkuyo ne da ɗauka da tsayuwa kan wuta, kuma Inna ke yi. Wato likitan, ba tare da ya sani ba, aikinta na yini ya lissafo kaf ya ce a dakatar.

Saura kwana biyu ranar aiki, Hedimasta ya shigo ɗakinta bayan la'asar, ya tsuguna a gabanta ya gaishe ta yadda ya saba, ya ce ta ba shi katin.

"An ɗaga, Inna. Mutane sun yi musu yawa."

"To, Allah ya kai mu."

A makon ne makarantarsa ke jarrabawar ƙarshen zango. Ya kai katin asibiti da kansa, ya bi layi kamar kowa, aka ba shi sabuwar rana, ya dawo mata da abinta. A nan dole a yi masa adalci, bai taɓa barin katin ya kwana babu rana a kansa ba. Da rana ta biyu ta matso, an tura Maman Biyu kwas na ƙarin girma, sai ya ce wa Inna likitan ya yi tafiya. Ta uku ta faɗo a cikin dogon hutu, wanda tun farko aka ce shi ake jira. Sai dai a hutun makaranta ta buɗe wa 'yan aji shida darasin share fage, kuma ba a barin irin wannan a hannun mataimaki, saboda haka injin asibiti ya lalace. Cikin wata goma sha ɗaya katin ya je asibiti sau huɗu, mai katin sau ɗaya.

Duniya ta riƙa janyewa daga Inna a hankali, kamar baƙon da ba ya so a ji fitarsa. Da farko launuka suka koɗe, shuɗi da kore suka zama abu guda. Daga nan ƙwan lantarki ya soma yin zobe-zobe a kewayensa, rana kuma ta zama abokiyar gaba, in ta fito tsakar gida da hantsi sai ta kare fuska da hannu kamar mai jin kunyar suruki. Idon dama ya daina ganin komai sai bambancin haske da duhu. Na hagu yana nuna mata mutum kamar rigar da aka rataya a ƙusa, sai rigar ta yi magana ta san ko wane ne. Tagwayen kuwa da hannu take rarrabe su, domin Alƙali yana da ɗan tsiron nama a bayan kunnen hagu.

Kada wani ya ce ba a kula da ita ba. An kula. Ranar da ta zuba sukari a miya a maimakon gishiri, Maman Biyu ta ɗaura wa kwalbar gishiri roba a wuya. Ranar da ta yi tuntuɓe da bokiti ta fasa gwiwa, Hedimasta da kansa ya ja igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki, ya fizge ta sau biyu ya tabbatar ta ɗauru. Da tagwayen suka yi ƙafa suka fara kutsa ko'ina, aka sayo 'yan ƙararrawa aka ɗaura musu a idon sawu, mai siririyar ƙara ga ɗaya, mai kauri ga ɗayan. Ranar da wani mai tallan bokitai ya shigo har tsakar gida ta yi ta yi masa magana a zaton ɗanta ne, aka zauna aka yanke shawarar cewa, don tsaron lafiyarta, in an fita aiki za a riƙa kulle ƙofar gida da kwaɗo ta waje. Duk matsalar da rashin ganin ya haifa, gidan kan samo mata dabara cikin kwana guda. Rashin ganin kaɗai aka bari sai an samu sarari.

Baƙi ma sun shaida. Wasu malaman makarantar da suka zo gaisuwa sun tsaya suna duba igiyar, ɗaya har ya bi ta ido rufe don ya gwada, ya ce Allah ya ba su 'ya'ya masu tunani irin na Hedimasta. Inna ta ce amin.

Da safe takan ji kwaɗon ya datse, sannan ƙarar mota ta yi nisa. Daga nan gidan ya zama taku goma sha tara daga ɗakinta zuwa kicin, bakwai daga kicin zuwa famfo, da ƙararrawa biyu da dole kunnenta ya bi ko tana salla. In ta ji su tare, lafiya. In ɗaya ta yi shiru, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta fara lalube, tana kiran mijina, mijina, ina ka shiga. Wani lokaci takan tsaya a tsakar gida ta rufe idon dama da tafi, ta gwada na hagu a kan ƙofar ƙarfe, ta ga ko abin da ta gani jiya yana nan yau. Ba ta gaya wa kowa sakamakon.

Maƙwabciyarsu mai ɗinki ce, shagonta a jikin katangar gidan yake, kuma Tela kowa ke kiranta. A jikin ƙofar gidan akwai 'yar tagar leƙe wadda ba ta fi tafin hannu ba, ta nan suke hira. Kowace Litinin Inna kan miƙa mata allura goma a soke jikin tsumma, Tela ta zura wa kowace zare ta mayar mata, su ishe ta ɗinkin maɓalli da facin wandunan yara, da lalube, har mako ya zagayo.

"Inna, ina mazajen naki?" in ji Tela wata Litinin.

"Ga su nan, ba cefane, ba sutura, sai cizo. Ɗaya jiya ya sake ni, yau yunwa ta dawo da shi."

"Ki kai su ƙara mana, tunda kina da Alƙali a gida. Wai ni kam yaushe za a yi aikin nan ne? Na gaji da zura allurar da ba a biyana."

"Duba mini nan, ni ranakun sun cakuɗe mini."

Ta kwance ledar ta tura katin ta taga. Tela ta karanta, ta juya shi, ta sake karantawa.

"Ya aka yi? Ko ke ma yanar ce?"

"Inna, wa ya ce miki ɗagawa ake yi?"

"Asibiti."

"Nan ba haka aka rubuta ba. Ga jan biro har wuri uku. Ba ta zo ba. Ba ta zo ba. Ba ta zo ba. Na ukun ma har da layi a ƙasa."

Ƙararrawa mai siririyar ƙara ta wuce ta bayan Inna, mai kaurin ta bi ta. Ta tsaya tana saurarensu har suka shige falo.

"Rubutun likitoci ba kowa ke iya karanta shi ba," in ji ta. "Miƙo mini abina."

"Wannan ba na likita ba ne, na akawu ne. Ko ɗan aji biyu zai karanta."

"Na ce miƙo mini abina, 'yar nan."

Tela ta turo katin. "Rana ta gaba nan da mako bakwai ce, Laraba. Ni dai na faɗa miki."

Inna ba ta ta da maganar a ranar ba, ba ta ta da ita washegari ba. Sai ranar Asabar da hantsi, da ta ji Hedimasta yana wanke mota, ta bi igiya har inda ta ƙare, ta ƙarasa sauran da lalube.

"Hedimasta."

"Na'am, Inna. Ki yi hankali, akwai ruwa a ƙasa."

"Wannan karon ba za a ɗaga ba, ko?"

Ta ji tsumman ya tsaya a kan gilashi.

"Ai ba a hannuna abin yake ba, Inna."

"A hannun wa yake?"

Ya matse tsumman, ya daɗe yana matsewa. Da ya buɗe baki, da muryar da yake yi wa taron iyayen yara jawabi ya yi magana.

"Inna, mako huɗu fa aka ce. Wa za mu bar wa yaran nan? Kin san abin da masu reno ke yi wa 'ya'yan mutane, har maganin barci suke ɗura musu. Ke da kanki ba za ki yarda bare ya riƙe miki jikoki ba. A bari su shiga makarantar reno, wata shida kawai ya rage. Yanar da ta shekara a zaune, wata shida ba zai ƙara mata komai ba."

"Likita ya ce kada ta wuce nuna."

"Haka likitoci suke, sai sun tsorata mutum. Ni ma haka nake yi wa iyayen da ba sa turo yara da wuri."

Maman Biyu ta fito da kwandon wanki a kwankwaso. "Wallahi Inna, ni na fi kowa son a yi aikin nan. Na nemi hutu, oga ya ce wadda ta ci hutun haihuwa ba ta da bakin magana sai an jima. In na matsa, mutum uku ke jiran kujerata. Ki ƙara haƙuri, kin ji? Ba don ke ba ai da tuni na ajiye aikin."

Duk gaskiya suka faɗa, ko abin da ya yi kusa da ita. Inna ta juya ta nemi igiyarta.

Washegari autarta, wadda ke aure a wani gari, ta bugo waya kamar yadda take yi duk Lahadi.

"Inna, wai me ya sa kike haka ne? Yaya ya ce ke ce kike ƙi, wai tsoron wuƙa kike ji. Ke da kika haife mu ba a ji ko tarinki ba?"

Inna ta riƙe wayar a kunne. Hanya biyu ce a gabanta, ko ta ƙaryata ɗanta a wurin ƙanwarsa, ko ta karɓi tsoron da ba nata ba ta yafa. Ba ta daɗe tana zaɓe ba.

"Tsufa ne," in ji ta. "Mutum in ya tsufa yakan zama matsoraci."

"To ki daure mana. Ni ba don jikin uwar mijina ba, da na zo na kai ki da kaina."

"Na sani. Ki gaishe ta."

Ciwon ya zo wata Talata da safe, saura mako uku ranar da aka rubuta, tana tsaka da yi wa Sarkin Kuka wanka. Ji ta yi kamar an kafa mata ƙusa a idon dama ana bugawa don ta fito ta ƙeya. Ta ƙarasa wankan, domin ba a barin yaro da sabulu a jiki, sannan ta rarrafa bakin magudana ta yi amai. Kafin azahar idon ya kaɗa ya yi ja, yana zubar da ruwa, in ta taɓa ta kan fata sai ta ji shi da tauri kamar tsakuwa.

Da Hedimasta ya dawo ya haska shi da fitilar waya, ya ce, "Ciwon idon yayi ne. Yara huɗu na mayar gida da shi makon nan." Ya je kemis ya sayo maganin ɗigawa da na ciwon kai. Maman Biyu ta ware mata tawul da kofi don kada yaran su ɗauka, ta roƙe ta da girman Allah ta riƙa wanke hannu kafin ta taɓa su. Babu wanda ya kawo shawarar ta daina taɓa su.

A makon ne masu duba makarantu za su zo. Hedimasta ya sa an share fili, an yi wa duwatsun bakin hanya farin fenti, an sabunta rubutun da ke bangon ofishinsa mai cewa rigakafi ya fi magani. Ɗan littafin nan yana aljihunsa duk inda ya je, shafin yana nan da lambobinsa da layinsa biyu.

Ranar Alhamis ta ce masa, "Hedimasta, wannan ba na yayi ba ne."

"Ki ba maganin lokaci, Inna. Gobe baƙin nan za su tafi, Asabar da kaina zan kai ki."

Ranar Asabar sashen ido ba ya buɗewa, kuma mutumin da ya kai kati can sau uku ya san haka. Ranar Litinin akwai rahoton da dole ya miƙa kafin a tashi. Inna ta daina cin abinci, domin duk abin da ya shiga dawowa yake. Ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau, ta ci gaba da ƙirga taku goma sha tara. A wani wuri tsakanin Asabar da Litinin ta lura cewa in ta rufe idon hagu ta fuskanci rana, babu bambanci da in ta fuskanci bango.

A rana ta takwas Tela tana kan keken ɗinki ta ji kuka. Kukan Sarkin Kuka ba labari ba ne a layin. Abin da ya tsayar da ƙafarta shi ne muryar Alƙali. Ta fito ta leƙa ta 'yar taga, ta ga Inna zaune a ƙasa ta jingina da bango, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan riƙe da ƙafar yaro. Ta kira ta sau uku kafin ta amsa. Ta ja kwaɗon, yana nan daram. Sai ta ɗauko waya ta kira Hedimasta.

"Malam, ina bakin ƙofarka. Ga mai walda nan a tsallaken titi. Ko ka zo da makulli cikin minti ashirin, ko in sa ya yanke kwaɗon nan. Ka kuma san in ya kunna injinsa duk unguwa sai ta fito kallo."

Ya iso cikin minti goma sha biyu. Tela ta kwashi tagwayen zuwa shago, ya ɗauki Inna a mota.

Likitan nan ne dai. Ya duba, ya auna, ya rufe mata idon hagu ya haska fitila a na dama.

"Mama, kina ganin hasken nan?"

"A ina?"

Ya kashe fitilar. "Abin da na ce kada ya faru, shi ya faru. Yanar ta kumbura, ruwa ya taru ya rasa mafita, shi ake kira hawan jinin ido. Da an zo a rana ta farko ko ta biyu, da wataƙila mun tsira da wani abu. Yau za mu ba ta maganin da zai sauke shi, gobe mu cire yanar don ciwon ya lafa. Amma ganin wannan idon ya tafi." Ya ɗauki katin ya juya shi, ya ajiye a kan tebur. "Sau uku. Me ya faru?"

Hedimasta ya gyara zama. "Likita, ka san tsofaffi. Mun yi, mun yi. Tsoron wuƙa take ji."

Likitan ya juyo wajen Inna.

"Haka ne, Mama?"

Inna tana jin numfashin ɗanta a gefenta, ya shiga bai fito ba. Ta san wannan numfashin. Shi yake yi yana yaro in ya fasa abu yana jiran a tambaya. Shekara arba'in da biyar tana rufa masa asiri, ba yau za ta kware masa baya a gaban bare ba. Amma ido ɗaya ya rage mata, kuma ta san hanyar gida, ta san ƙarar kwaɗo.

"Haka ne, likita," in ji ta. "Tsoro ne."

Ta ji ɗanta ya saki numfashin.

"Amma ya fita. Yau ya fita kaf. Na hagun yaushe za ka iya yi?"

"Bayan mako guda da na dama, in komai ya lafa. Sai ki koma gida ki huta, ki dawo."

"A'a. Ka san halin matsoraci. In na koma gida, tsoron zai iya dawowa. Ka nema mini gado, in babu ko tabarma a baranda ta ishe ni. Ba zan fita daga asibitin nan ba sai an gama da biyun." Ta juya inda take jin ɗanta. "Ko akwai wani abin da ke hanawa, Hedimasta, ban da tsorona?"

Hedimasta mutum ne da ya saba amsa tambayar masu duba makarantu ba tare da ya yi gargada ba. Wannan kam da ƙyar ya nemo amsarta.

"Babu, Inna."

Likitan ya dubi katin, ya dubi Hedimasta, ya ɗan daɗe yana dubansa. Ba wannan ne jan biro na farko da ya taɓa gani ba. Ya ɗaga waya ya ce a nemo gado a ɗakin mata.

Mai renon da aka shekara ana cewa babu amintacciya a duk faɗin garin, an same ta kafin la'asar, wata dattijuwa ce a layi na biyu wadda ta raini nata shida. Ogan ofishin ruwa, da aka kai masa takardar asibiti, ya sa hannu a hutun mako biyu bai ko ɗaga kai ba. Auta ta iso da jakarta a rana ta uku, uwar mijinta ta ji sauƙi ke nan. Mako huɗun da ya gagari gidan shekara guda ya zo ya wuce kamar kowane mako huɗu. Ba a kori kowa daga aiki ba, ba a ɗura wa kowa maganin barci ba. A makaranta malamai suka yi ta yaba wa Hedimasta da ya yi haƙuri da tsohuwa har ya shawo kanta, shi kuma ya ce ai wajibi ne.

Ranar da aka cire bandejin idon hagu, farin rigar nas ne ya fara soke ta. Sai ta ga shuɗin labule, ta gane shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya. A gida ta ga igiyarta, ashe ja ce. Ta ga Alƙali, ashe fuskar ubansa ya kwaso har da ɗaure gira. Da mako huɗu ya cika ta kira Tela, ta zura zare a allura a gabanta, sau ɗaya, ta ce ta sallame ta daga aiki. Tela ta yi dariya, sannan ta dubi idon dama, wanda ke nan a buɗe ba ya kallon komai, dariyar ta tsaya a hanya.

An kwance igiyar, an cire robar wuyan kwalba, kwaɗon ya koma kan ƙofar sito. A katin an rubuta cewa an yi aiki a ido biyu, an yi nasara a ɗaya. Babu gurbin da aka tanada a katin don rubuta dalili, saboda haka ba a rubuta ba.

Hedimasta bai fasa gaisuwa ba. Safe da la'asar yana zuwa ya tsuguna. A makon farko da dawowarta yakan ce, "Ya idon, Inna?" ta ce da sauƙi. Wata rana da ya tambaya sai ta ce, "Wanne?" Bai sake tambaya ba.

A da a gabanta yake tsugunawa. Yanzu yakan zagaya ya zauna ta hannun damanta, daf da kafaɗa, inda ba za ta gan shi ba sai ta juyo gaba ɗaya. Ta lura da haka tun rana ta farko. Takan amsa gaisuwar, ta sa masa albarka, ta ci gaba da ɗinkinta. Ba ta juyowa.